Zama ko Tashi: Nazarin Lamarin Wani Mai Bishara a Arewacin Jihar Gombe

Wannan nazari ya shafi wani mai bishara da iyalinsa waɗanda ikilisiyarsu ta aika wani ƙauye a arewacin Jihar Gombe, suka zauna a can kusan shekara huɗu, har zaman ya gagare su a farkon shekarar 2012. Ba zan faɗi sunansa ba, balle sunan ƙauyen ko na ɗariƙar da ta aike shi, domin yawancin mutanen da abin ya shafa suna da rai, wasunsu ma har gobe kasuwa ɗaya suke ci. Zan riƙa ce masa Malam, kamar yadda babba da yaro suke kiransa a can, uwargidansa kuwa Mama. Na san lamarin ta hanya biyu. Na ji shi daga bakinsu bayan ƙura ta lafa, sannan ina cikin kwamitin da wasiƙun Malam suke zuwa hannunsa a wancan lokaci, saboda haka akwai kasona a cikin sakacin da zan bayyana nan gaba.

Yadda ƙasar take

An ƙirƙiro Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi ranar 1 ga Oktoba, 1996, da ƙananan hukumomi 11. Yawancin Kiristocin jihar suna kudu ne, wajen Billiri da Kaltungo da Shongom da Balanga, ƙasar Tangale da Waja da Tula da Dadiya da Cham, yayin da arewa, wato su Dukku da Nafada da Funakaye da Kwami, ƙasar Musulmi ce tun kaka da kakanni. Wannan rabuwa tana da tarihi. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, gwamnatin mulkin mallaka kuma ta daɗe tana hana 'yan mishan kafa tasha a ƙasashen sarakunan Musulunci, ta bar musu yankunan masu addinin gargajiya. Ta haka ne ma'aikatan ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission), John Hall da Gordon Beacham, suka sauka Kaltungo a 1917, aikin ya bazu cikin duwatsun kudu tare da makarantu da ɗakunan shan magani. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, sai Hausa ta ƙara kafuwa a matsayin harshen sujada da wa'azi a tsakanin ƙabilun da kowace take da nata yaren.

Jikokin waɗanda suka karɓi bishara a wancan zamani su ne 'yan mishan na yau, kuma yana da muhimmanci mai karatu ya riƙe wannan. Malam ba Bature ba ne. Ɗan manomi ne daga kudancin jihar, wanda ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki da Hausa, yana jin Fulatanci gwargwado, dukiyarsa kuma ba ta wuce babur da fartanya da akwatin littattafai ba. Idan wuta ta tashi, babu ofishin jakadancin da zai aiko mota ta ɗauke shi.

Saukarsa da shekarun farko

Dalilin aika shi mai sauƙi ne. Akwai wasu magidanta Kiristoci da suka yi ƙaura zuwa gefen ƙauyen saboda neman ƙasar noma, ba su da mai bi da su sujada, ba mai koya wa 'ya'yansu, ba mai yi wa mamacinsu addu'a a bakin kabari, sai suka roƙi a turo musu wani. Aikinsa na farko ke nan. Na biyu kuwa, wanda ba a ɓoye wa kowa ba, shi ne ya gaya wa duk mai son ji abin da ya gaskata game da Yesu Almasihu.

Ya fara da kai gaisuwa wurin jauro, wato mai garin, aka karɓe shi yadda ake karɓar baƙo. Wani dattijo Musulmi, wanda iyalin suka riƙa kira Baba, ya ba su ɗaki biyu a gefen gidansa, ya kuma ara wa Malam gona, aka shirya zai riƙa kawo wani abu bayan girbi. Mama ta taɓa aiki a ɗakin shan magani, don haka ba a jima ba matan ƙauyen suka fara aiko mata idan naƙuda ta zo da gardama ko yaro ya kamu da gudawa. Malam ya buɗe ajin yaƙi da jahilci da yamma, samari Musulmi da Kiristoci suna zuwa koyon karatun boko da lissafi. Majami'a kuwa rumfa ce ta kara da zana. Sun nemi fili domin su yi gini, amma tun da Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun hukuma, takardar filin karkara sai ta bi ta ƙaramar hukuma, tasu takardar kuma ta shiga ofis ba ta fito ba.

Shekara biyu na farko sun wuce lami lafiya, in ban da ƙananan abubuwa irin waɗanda Kiristan da ke zaune a tsakiyar Musulmi ya saba haɗiyewa: yara su kira 'ya'yansa 'ya'yan arna, mai shayi ya ware masa kofi. Malam bai taɓa rubuta waɗannan a rahoto ba. A ganinsa baƙo raɓa ne, ba ya zaɓen ganyen da zai kwana a kai.

Inda al'amari ya juya

Cikin samarin ajin yamma akwai wani mai kaifin kai, wanda shekarunsa sun haura ashirin, ɗan wani gida mai mutunci a ƙauyen. Da ya iya karatu sai ya ari Linjila, ya mayar, ya sake ara, ya riƙa tsayawa bayan an tashi yana tambayoyi. Bayan watanni ya gaya wa Malam cewa yana so ya bi Almasihu. Abin da Malam ya yi a nan ya cancanci yabo. Bai yi ɗoki ba. Ya zaunar da shi ya lissafa masa abin da zai iya rasawa, gona da aure da gādo da fuskar iyaye, ya ce ya je ya ƙara tunani, ya ci gaba da yi wa mahaifansa biyayya fiye da dā, kada kuma ya yi gaggawar sanar da kowa.

Da rani, a farkon 2011, wata tawagar masu wa'azi ta zo daga birni da janareta da lasifika da majigi, suka kwana uku. Malam bai gayyace su ba, sanar da shi kawai aka yi, kuma ba shi da ƙarfin da zai ce wa manya daga birni su dakata. A dare na biyu ɗaya daga cikinsu ya shiga kwatanta addinan biyu da kalmomin da ko a cikin majami'a ba su dace ba, balle a lasifikar da ake ji har masallaci. A dare na uku wani ya ji labarin saurayin nan, aka kira shi gaban jama'a ya ba da shaida, aka ɗauki hotonsa da waya. Washegari tawagar ta ɗaure kayanta ta koma gida tana murna. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan karo waɗanda suka ja ruwan sun tafi, ya sauka a kan waɗanda suka bari.

Abin da Kiristoci suka kira tuba, iyayen yaron ridda suka kira shi, kuma duk wanda yake son fahimtar lamarin sai ya yarda cewa baƙin cikinsu na gaske ne. Mahaifinsa ya ga ya rasa ɗa duniya da lahira, ya kuma ga baƙon da aka ba masauki ya ci amana. Aka karɓe gonar yaron, aka fasa auren da aka sa masa rana, 'yan'uwansa suka yi masa dukan da ya kwantar da shi. Da ya samu ya fita, Kiristocin gefen gari suka yi karo-karo suka sa shi a mota ya bar yankin. Wannan ya ƙara hura wutar, domin sai magana ta koma cewa Malam ya sayi yaron da kuɗi, wasu suka ce asiri ya yi masa, yanzu kuma ya sace shi.

Tsanani bai zo musu da adda ba da farko. Ya zo ne da shiru. Ajin yamma ya watse cikin mako guda. Matan da Mama ta karɓi haihuwarsu suka daina aikowa, in sun haɗu a rijiya sai su kau da kai, daga baya ma aka ce ta riƙa bari sai kowa ya gama ɗiba. Mai injin niƙa ya ce injinsa ya lalace duk ranar da 'yarsu ta kai hatsi. Malam ya gaya mini cewa babu abin da ya fi ci masa rai kamar ya yi sallama a majalisar da ya saba zama, a rasa mai amsawa, domin wanda ya zauna a ƙauye ya san cewa mutumin da aka daina amsa wa gaisuwa an cire shi daga lissafin mutane, kuma abin da zai same shi bayan haka ba zai dami kowa ba. Sai jifa a kan kwanon ɗaki da tsakar dare. Sai takarda da aka turo ta ƙarƙashin ƙofa, babu sa hannu, an ba su wa'adi.

Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 16 ga Afrilu, 2011, rikici ya ɓarke a jihohin Arewa da dama, har da Gombe da Bauchi, inda ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa an kashe mutum fiye da 800, Kiristoci da Musulmi. A ƙauyen ba a zubar da jini ba, amma an wayi gari rumfar sujada ta zama toka, kuma ba a samu wanda ya ga mai ƙyasta ashanar ba.

Yadda tsoro ya zauna a gidan

A nan nake so in daɗe, domin wannan ne sashen da rahotanni ba sa ɗauka. Tun daga watan Afrilun nan Mama ta daina kwana da kayan barci. Da zanenta ɗaure take kwanciya, takalman yara jere a bakin tabarma, takardun makaranta da katin asibiti a cikin jaka ɗaya a ƙarƙashin matashi. Ta koya wa yaran hanyar da za su bi ta bayan gida su shiga gonar dawa idan ta tashe su, ta kuma hana ƙaramin yin tari da ƙarfi da dare. Ba ta manta da abin da ya faru a watan Maris na 2007 ba, lokacin da ɗalibai suka kashe wata malama Kirista a makarantar sakandare ta Gandu a cikin garin Gombe bisa zargin wulaƙanta Alƙur'ani a ɗakin jarrabawa. Darasin da ta ɗauka shi ne zargi kaɗai ya isa, ba sai an tabbatar ba. Saboda haka ta kafa wa 'ya'yanta doka: kada su ɗauki kowace takarda a ƙasa, kada su taka ta, kada su yi shara da ita, domin ba su san wadda take da rubutun Larabci ba. Yaro ɗan shekara shida ya koyi kewaye ɓallen takarda kamar yadda ake kewaye maciji.

Tsoron Malam iri dabam ne, domin ya haɗu da kunya. Ranar Lahadi zai tsaya a ƙarƙashin bishiyar da ta maye gurbin rumfa ya karanta wa mutanensa ayoyin da ke cewa kada su ji tsoro, alhali gwiwoyinsa suna rawa, kunnensa kuma yana wajen hanya ko zai ji ƙarar babura. Da dare yana zama a bayan ƙofa har asuba, da safe ya tafi gona ba barci. Ya ɓoye wa Mama takardar wa'adin don kada hankalinta ya tashi, ashe ita ma ta tsinci wata ta ɓoye masa saboda dalili ɗaya. Watanni suka yi a ɗaki ɗaya kowa yana gadin ɗan'uwansa daga abin da dukansu suka sani. Ciwon kai ya kama shi, daga baya aka gano hawan jini ne.

Akwai kuma tsoro na biyu, wanda ya fi na farko riƙe shi, wato abin da za a ce a gida idan ya dawo. An rene mu da labarin Walter Gowans da Thomas Kent, abokan Rowland Bingham, 'yan mishan na farko na SIM, waɗanda suka zo Najeriya a 1893 suka mutu a 1894 ba su juya da baya ba. Labari ne na gaskiya kuma mai daraja, amma yadda muke ba da shi ya sa mai bishara yake ganin hanya biyu ce kawai a gabansa, ko ya mutu jarumi ko ya dawo matsoraci.

Wasiƙu uku

Fom ɗin rahoton wata-wata da muke aika wa masu bishara yana tambayar yawan masu zuwa sujada, yawan waɗanda suka tuba, yawan waɗanda aka yi wa baftisma, da kuɗin baiko, wato abin da masu sujada suke bayarwa a majami'a. Babu layi ko ɗaya da ke tambayar lafiyar mai bisharar ko ta iyalinsa. Don haka Malam ya riƙa rubuta wasiƙa dabam yana liƙawa.

Ta farko ta zo bayan tafiyar tawagar nan, yana bayyana abin da suka bari. Muka amsa da ayar ƙarfafawa da alkawarin addu'a, ba wanda ya kira shugaban tawagar ya tambaye shi ba'asi. Ta biyu ta zo bayan ƙona rumfa, muka yanke shawarar kai ziyara, damina ta shigo, hanya ta lalace, kuɗin mai bai samu ba, ziyarar ta bi ruwa. A lokacin ma alawus ɗinsa yana makara wata biyu, wani lokaci uku. Ta uku ta zo gab da Kirsimeti, kuma a cikinta bai nemi a ɗauke shi ba, iyaka ya roƙi a samar wa Mama da yara ɗaki a gari na ɗan lokaci. Muka tattauna, wani dattijo mai girma a idonmu ya ce makiyayi na gari ba ya barin tumaki idan ya hango kyarkeci, kuma idan matar ta tafi mutanen za su karaya. Aka rufe maganar a nan.

Ina zaune a wurin, na kuma san cewa Ubangiji Yesu, wanda ya yi maganar makiyayi, shi ne ya ce wa almajiransa, a Matiyu 10:23, idan an tsananta musu a wani gari su gudu zuwa wani. Na san an zurara Manzo Bulus cikin kwando ta katangar Dimashƙu da dare, na san ya gaya wa Korantiyawa cewa ya zo musu da rauni da tsoro da rawar jiki. Ban buɗe baki ba, saboda ganin girman mai maganar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa muka zauna a inuwa muka yanke wa mai ɗakin hukuncin yawan ruwan da zai iya jurewa.

Daren kasuwa

Ƙarshen 2011 ya zo da tashin hankali. Ranar Kirsimeti aka tayar da bam a majami'ar Katolika ta Madalla a Jihar Neja. A farkon Janairu mai magana da yawun Boko Haram ya ba 'yan Kudu mazauna Arewa kwana uku su tashi. Ranar 5 ga Janairu, 2012, 'yan bindiga suka buɗe wuta a kan masu addu'a a majami'ar Deeper Life da ke cikin garin Gombe, suka kashe aƙalla mutum shida. Malam ya ji wannan a rediyo, kamar yadda kowa a ƙauyen ya ji.

Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar kasuwa da almuru, jita-jita ta zaga cewa yaron nan ya dawo yana ɓoye a ɗakin Malam, wai kuma an ji Malam yana zagin addini. Duka biyun ƙarya ne. Samari suka taru, yawancinsu baƙin kasuwa daga wasu ƙauyuka, da sanduna da galan ɗin fetur. Malam ya buga waya ofishin 'yan sanda mafi kusa, aka ce babu mota a ƙasa. Ya buga wa biyu daga cikinmu, ɗaya bai ɗauka ba, ɗayan ya yi masa addu'a ta waya.

Baba ne ya fito. Tsoho ne da ba ya tafiya sai da sanda, kuma tun da abin yaron nan ya faru bai sake zama hira da Malam ba, domin shi ma ransa ya ɓaci. Ya sa jikansa ya shimfiɗa masa buzu a ƙofar zauren da ke shiga sashen baƙin, ya zauna da carbinsa. Da samarin suka iso ya ce musu: "Wannan mutum baƙona ne, ni na ba shi ɗaki, amanarsa tana wuyana. Addininsa ba nawa ba ne, kuma na gaya masa abin da ya yi bai yi mini daɗi ba. Amma duk wanda zai shiga, sai dai ya taka ni ya wuce." Ya riƙa kiran 'yan ƙauyen da ke cikinsu ɗaya bayan ɗaya da sunan ubanninsu, har da wanda Mama ta karɓi haihuwar ɗansa. Kafin nan liman ya iso, ya tuna musu haƙƙin maƙwabci da yadda Annabi ya tsananta a kansa, ya kuma karanta musu ayar Suratul Baƙara da ke cewa babu tilastawa a addini. 'Yan gari suka fara zamewa, baƙin kuma da suka ga babu mai nuna musu hanya suka watse.

Da sassafe jauro ya aiko a kira Malam. Ya ce masa: "Malam, ni ban kore ka ba, kuma ba zan kore ka ba. Jiya Allah ya taimake mu. Amma waɗanda suke zuwa yanzu ba yarana ba ne, ba sa jin maganata, gobe ban san abin da zan iya ba." Malam ya ce: "Ranka ya daɗe, na ji, na kuma gode." Ya tara magidantan ikilisiyar ya gaya musu, su da kansu suka ce ya fitar da iyalinsa. Ɗan Baba ne ya kwashe su a a-kori-kura kafin rana ta take.

Abin da lamarin ya nuna

Kuskuren da ya fi girma a wajenmu shi ne mun haɗa abubuwa daban-daban muka kira su da suna ɗaya, tsanani, muka kuma ba su magani ɗaya, wato haƙuri. Fushin dangin yaron abu ne da zama da dattawa zai iya sassautawa, da a ce manyan ikilisiya sun je da kansu tun farko sun ba da haƙuri kan kalaman lasifika, ba tare da sun janye haƙƙin yaron na zaɓar addininsa ba. Damuwar jauro ta zaman lafiyar ƙasarsa ce, kuma mutum ne da za a iya aiki da shi. 'Yan bindiga kuwa wani abu ne dabam, wanda ba ya jin lallashi, kuma bai bar Musulmi ba: an kashe Sarkin Gwoza, Idrisa Timta, ranar 30 ga Mayu, 2014, a kan hanyarsa ta zuwa jana'izar Sarkin Gombe Shehu Abubakar, bam ɗin tashar motar Dukku da ke cikin garin Gombe na Disambar wannan shekara kuma bai tambayi addinin kowa ba. Haɗarin da Malam ya shiga a Janairu ya taso ne daga haɗuwar ɓacin ran cikin gida da iskar da ke kaɗowa daga waje, kuma an yi wata tara ana ganin hadarin yana haɗuwa.

Ta fuskar doka babu wata ƙura. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin addini, ya ambaci 'yancin sauya addini da na yaɗa shi ƙarara, sashe na 10 kuma ya hana kowace gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma. Wannan 'yanci shi ne yake kare mai da'awa Musulmi da ya shiga ƙauyukan Tangale, shi ne kuma yake kare Malam. Saurayin baligi ne, babu wanda ya tilasta shi. Sai dai tsakanin kundin da ƙofar ɗakin Malam akwai tafiya mai nisa, kuma ba mu yi komai don rage ta ba. Ba mu kai rahoton ƙona rumfa a rubuce ba, ba mu gabatar da shi ga hakimi ko baturen 'yan sandan yankin ba, ba mu nemi lauya ya bi takardar fili ba. Bulus da kansa ya tsaya a kan haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma lokacin da za a yi masa bulala, bai ɗauki hakan rashin bangaskiya ba.

Malam ma yana da nasa. Ya kamata ya je wurin jauro da liman tun washegarin wa'azin lasifika ya nesanta kansa da kalaman, amma kunya da biyayya ga manya suka hana shi, shirun nasa kuma aka ɗauke shi a matsayin yarda. Ya kamata ya gaya wa matarsa gaskiya. Na faɗi waɗannan ne don shi ma ya faɗe su, ba don in rage nauyin abin da aka yi masa ba, domin babu kuskuren da ya halatta a zo wa mutum da fetur yana ɗaki da 'ya'yansa.

Game da Baba, na ji mutane suna ba da labarinsa kamar abin al'ajabi, ni kuwa ban ɗauke shi haka ba. A watan Yunin 2018 Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci fiye da ɗari biyu a masallacinsa da gidansa a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta Jihar Filato, duniya ta ji, amma akwai irinsa da yawa waɗanda ba a ji ba. Abin lura shi ne Baba bai tsaya a ƙofar nan don ya yarda da wa'azin Malam ba. Ya tsaya ne saboda shekara uku na gaisuwar safe, da kwanon tuwo da ke ƙetare katanga, da buhun dawar da ake kawo masa bayan girbi ba tare da ya tambaya ba. Wannan jari Malam da Mama ne suka tara shi a hankali, tawagar kwana uku ta kusa cinye shi, ragowarsa ce ta cece su.

Bayan tashinsu

Da suka iso, ba kowa ne ya karɓe su da hannu biyu ba. An yi raɗe-raɗin cewa ya gudu ya bar tumaki, har wata mata ta faɗa wa Mama haka a taron zumuntar mata. Sun yi wata biyar a ɗaki ɗaya a gidan ɗan'uwansa kafin kwamiti ya kama musu haya. An ƙara layi biyu a fom ɗin rahoto, an kuma kafa ƙa'idar cewa babu tawagar da za ta shiga filin wani mai bishara sai da yardarsa, amma asusun gaggawa da aka yi alkawari bai wuce takarda ba.

Wasu daga cikin magidantan sun sayar da amfanin gonarsu sun koma kudu, wasu suna nan. Da hankali ya ɗan kwanta Malam ya koma zuwa da babur ranar Lahadi, ya bi da sujada a ƙarƙashin bishiyar, ya duba marasa lafiya, ya kamo hanya kafin la'asar. Mama ba ta sake taka ƙauyen ba, babbar 'yarsu kuma har ta yi aure ba ta iya barci idan ruwa yana dukan kwano. Saurayin yana wata jiha, ya koyi aikin kafinta, ya yi iyali. Mahaifiyarsa takan ba wani direba ƙullin kuka da daddawa ya kai masa, ba tare da saƙon baki ba.

Lokacin da Baba ya rasu Malam ya je ta'aziyya, ya zauna a gefen tabarma tare da sauran jama'a har kwana uku. Mahaifin saurayin yana wurin. A rana ta farko da ta biyu Malam ya gaishe shi bai amsa ba. A rana ta uku, da Malam ya tashi zai tafi, ya ce masa: "Baba, sai wani jiƙon, Allah ya ba mu haƙuri." Dattijon bai ɗago kai ba, ya ce: "Amin. Ka gai da gida."